Surin da Yaya Sale Ya Ƙi Fasawa

Ina tsugune a kasuwar Gaya, na danne kan wata fatar guza da babban yatsan ƙafata, dillali ya kama wutsiyar yana gwada faɗinta da sandar awo, sai wani mutum ya jingine kekensa a jikin rumfa ya yi sallama. Ban san shi ba. Ya naɗe ƙafar wandonsa ta dama, rigarsa ta jiƙe da gumi.

"Wane ne Audu a nan, ƙanen Sale mai guza?"

Na ce ni ne.

"Daga bakin kogi nake, bayan Ajingi. Sai haƙuri. Allah ya yi wa yayanka rasuwa jiya da hantsi. An kai shi kafin la'asar."

Na ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Dillali ya saki wutsiyar. Na naɗe fatar na sa a buhu, don ba a barin fata a rana ko me ya faru. Sannan na tambayi mutumin yadda aka yi ya same ni. Ya ce ƙauyenmu ya fara zuwa, ya faɗa a ƙofar masallaci, aka ce Allah ya jiƙan Musulmi, aka nuna masa hanyar kasuwa. Na ce ko akwai wanda ya ce zai je gaisuwa. Sai ya duƙa yana gyara sarƙar kekensa.

Shekara guda ke nan da ɗoriya. Ni ba mai ilimi ba ne. Allo na yi, sai ajin yaƙi da jahilci da na shiga da gemuna, saboda haka a hankali nake rubutu, kuma abin da na gani kaɗai zan rubuta. Ku nake rubuta wa, samarin da ke zama gindin darbejiya a bakin hanya. In na wuce da gorata kuna cewa, "Baba Audu, wai damo ma sai an yi masa karatu? Abin da kare ke kamowa?" Wannan ba ya damuna. Amma akwai maganar da kuka gada daga bakin iyayenku, cewa Sale ya yi wa suri sujada a shekarar fari, shi ya sa aka hana mu ruwa. Ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ba za ku gane inda ƙaryar take ba sai kun san sana'ar, saboda haka mu fara daga farko.

Na fara bin Yaya daji shekara ɗaya ko biyu bayan samun mulkin kai. Babanmu ya rasu, na yi aure, gonar gado kuma ba ta ciyar da gida biyu. Yaya ya girme ni da shekara goma sha ɗaya. Shi ya bi Baba daji, kuma shi ke kiran sallar asuba a masallacinmu, don muryarsa tana kaiwa har gonaki. Wata guda cur bai bar ni na taɓa dagi ba. Tafiya kawai muke yi yana nuna mini ƙasa.

Ya ce dangin ƙadangare kowa da gidansa, kuma da gida ake sanin su. Akwai na bango, jan gwada mai gyaɗa kai da matansa masu launin toka, sai tsaka da ke maƙale a azara cikin ɗaki. Kulɓa mai santsin jiki tana ƙarƙashin busasshen ganye da gindin danga. Hawainiya tana kan sabara da kargo. Waɗannan ba ma kama su, karanta su muke yi. Inda kulɓa ta yi yawa, ƙasar tana da laima da ƙwaro, damo ba zai yi nisa ba. In ka ga jan gwada ya bar gyaɗa kai ya zagaya bayan reshe ya lafe, duba ƙasa kafin ka taka.

Namu guda biyu ne, damo da guza, kuma wanda ya ce abu ɗaya ne bai taɓa riƙe ko ɗaya ba. Damo ɗan tudu ne. Jigawar da ke wajen Balan, da gonakin gyaɗa na gabas da Gaya, nan ne ƙasarsa. Gajere ne, mai ƙaton kai da kaurin wuya, dodon koɗi yake ci da ƙadandoniya da kunama. In ka rutsa shi sai ya kumbura ya yi huci, in bai ga mafita ba ya yi lamo kamar ya mutu. Guza ɗan ruwa ne. Ba ka ganinsa sai a fadama da tafki, kuma kana ƙara kusantar kogi ta wajen Ajingi yana ƙara yawa. Dogo ne, wutsiyarsa bulala ce, ga tabonta nan a ƙaurina har yau. Mutanen bakin kogi suna ƙara na uku, tsari, siriri mai zanen rawaya da ke hawa reshe a kan ruwa. Yaya ya ce tsari guza ne da bai tsufa ba, zanen ne bai dushe ba tukuna. Sun yi shekaru suna wannan musu shi da masunta. Ni ina bayan Yaya, don na ga abin da ke fitowa daga ƙwan guza da idona.

Ramin damo na farko da na yi niyyar haƙawa a wata jigawa yake kusa da Balan, bayan an cire gyaɗa. Lokacin ne damo ya fi ƙiba, ya ci damina ya ƙoshi, yana neman inda zai shige ya yi barcin rani. Na ga rami a gindin sabara, na ga sawu, na durƙusa na naɗe hannun riga. Ban ankara ba sai na ji sanda a bayan hannuna.

"Audu, hannuwanka nawa?"

"Biyu, Yaya."

"To wanne ne ka gaji da shi?"

Ya nuna mini ƙasa. Sawun damo ƙafa huɗu ne da siririn layin wutsiya a tsakiya, kuma wannan sawun fita ya yi, bai koma ba. A kansa akwai wani shafaffen sawu mai faɗi, kamar an ja taɓarya. Ya yanko doguwar tsumagiya ya zura a hankali. Damo in ka taɓa shi yakan yi gajeren huci ya cafke sandar ya riƙe. Wannan hucin dogo ne, bai yanke ba. Kasa ce. Muka bar mata gidanta.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Dagi, gora mai zarge a kai, igiyar rama, buhu, da wata 'yar wuƙa da wani maƙeri a Gaya ke yi mana, bakinta a lanƙwashe don kada tsini ya huda fata. Babu kare, babu wuta, babu mashi. Kare yana huda fata da haƙori, wuta tana gasa ta, tana kuma kashe wanda ba ka nufa ba. Guza da zarge ake kama shi, da hantsi, sa'ad da ya fito shan rana a kan kututture. Ka zo ta inda inuwarka ba za ta riga ka ba, in ya ɗaga kai ka tsaya yadda kake. Na taɓa tsayawa cikin taɓo, matsattsaku na shan jinina, tun hantsi har rana ta kusa tsaka, saboda guza ɗaya. In an kama a yanka da bisimilla, a tsaga ta ciki, a feɗe da babban yatsa fiye da wuƙa, a kafe fatar da ƙayar aduwa a inuwa, a shafe ta da toka saboda tururuwa. Wanda ya shanya a rana zai tarar ta ƙandare tana karyewa.

Wata ranar kasuwa Tanimu mai goge ya zo neman fata. Yana cikin manyan masu sayenmu, domin da fatar guza ake rufe ƙoƙon goge. Ba ya awo kamar dillalan Kano, waɗanda faɗi kawai suka sani, in sun ga huda ɗaya su jefa ta lamba uku. Tanimu ɗaga fata yake yi ya dubi rana ta cikinta, ya ɗalle ta da yatsa a gefen kunnensa. Ya ɗalli ta farko ya ajiye.

"Sale, wannan da fushi ya mutu. Ba zai yi kuka mai daɗi ba."

"Kai da za a yanka ka, dariya za ka yi?"

"Ni dai ba ni wanda ya mutu da tawakkali."

Yaya ya jawo wata daga ƙasan buhu. Tanimu ya ɗalla, ya lumshe ido, ya ce wannan ko kurma ya ji sai ya taka. Dukawa kuma damo suka fi so, don kube da jaka da rufin laya. Na kawo maganar Tanimu ne don ku riƙe ta. Mu fata muke sayarwa. Inda zai kai gogensa, gidan biki ne ko wurin 'yan bori, ba mu taɓa tambaya ba, kuma ba wanda ya taɓa tambayarmu sai a shekarar da zan faɗa.

Yanzu maganar suri. Macen guza ba ta kwanci kamar kaza. In damina ta yi tsakiya, suri ya sha ruwa ya yi laushi, sai ta zo ta fasa gefensa da farce, ta shige ta zuba ƙwai, ta fito ta kama gabanta. Gara ba ta son ƙofa a buɗe, kafin kwana biyu ta liƙe wurin. Ƙwan yana nan a ciki, ga ɗumi ga laima, har kaka ta wuce, rani ya wuce. Sai ruwan farko mai ƙarfi na wata daminar ya jiƙa surin, 'ya'yan su tono hanya su fito. Abin da muka gada shi ne, wanda ya ga sabon yaɓe a jikin suri da sawun farce a gindinsa, ya kafa sanda ya ɗaura mata kaba, ƙulli biyu. Daga ranar an ɗaure surin. Mafarauci ba zai haƙa ba, mai neman gara don kaji ba zai fasa ba, mai ɗibar ƙasa don yaɓen rumbu ya nemi wani. Ba dokar hakimi ba ce, ba a cin kowa tara. Wanda ya fasa dai kamar manomi ne da ya daka irinsa ya yi tuwo. A zamanin Baba mutane da yawa sun san ma'anar kabar. A zamaninmu mun rage mu biyu a ƙauyen. Ana ganin sanda ana kaucewa, amma dalilin ya ɓace.

Za ku ce, in haka ne me ya sa ba wanda ya taɓa ganin fitowarsu? Ranar da ruwa mai ƙarfi ya sauka, washegari ina kowa yake? Yana gona da sungumi yana shuka. Ba mai zuwa fadama kallon suri ranar shuka sai wanda abincinsa ke cikin surin.

Shekarar da aka canza kuɗi daga fam zuwa naira ita ce muguwar shekararmu. Daminar da ta gabace ta ma rabi ta yi. Gero ya ƙone a tsaye, gyaɗa ba ta yi 'ya'ya ba, fadamarmu ta tsage har ƙafar akuya tana faɗawa. Mutane suka shiga daji da fartanya da wuta suna tonon damo don ci. Ban ga laifinsu ba, mu ma mun ci. Amma ba a bar babba ba, ba a bar ƙarami ba. Guza kuwa wanda bai mutu ba ya bi rafi ya gudu kogi. A duk wannan rabin damina suri ɗaya tak Yaya ya ɗaure, a gindin wani marke a tsakiyar fadama. Ya ce mini, "Audu, in wannan ya lalace, irin guzan fadamar nan ya ƙare. Sai dai jikokinka su ji labari."

Lokacin ruwa ya yi, ruwa bai zo ba. Hadari ya haɗu ya watse. Aka fita roƙon ruwa har sau uku. Rijiya ta koma sai an jira ta tara, mai unguwa ya raba, kowane gida tulu biyu. Wata safiya Yaya ya ja ni gindin marke, ya durƙusa ya kafa kunnensa a jikin surin, ya daɗe, sannan ya ce in saurara. Motsin gara kamar yayyafi yake, ba ya yankewa. A ƙarƙashinsa na ji wani, ƙaras-ƙaras, ya tsaya, ya sake. Sun fara ƙyanƙyashewa, suri kuwa ya bushe kamar dutse.

Na ce mu sa dagi. Ya ce a'a. Ba rana ɗaya suke fashewa ba. In ka buɗe, wanda bai gama ba iska ta buge shi ya mutu, kuma dagi ba shi da ido. Ruwa suke jira, to a ba su ruwa.

Bai taɓa ruwan rijiya ba, ko cikin moɗa. Ku riƙe wannan, domin an ce ya taɓa. Akwai busasshen rafi inda Fulani suka tona yashi suna shayar da ragowar shanunsu, in ka tashi bayan asuba sai hantsi ya yi zafi kafin ka dawo. Can yake zuwa da garwa biyu a sanda kamar ɗan garuwa. Ya zo ya tsiyaya a hankali a kan tsohon yaɓen, ya rufe da ciyawa, ya durƙusa ya saurara. Ni ban bi shi ba. Ina da 'ya'ya huɗu a lokacin, ina yawon neman abin da za su ci.

Rana ta huɗu Malam Haladu ya gan shi. Malam Haladu maƙwabcinmu ne, yana da karatu daidai gwargwado, ya shiga fadama neman akuyarsa. Ya ga mutum a durƙushe, kansa a jikin suri, ga sanda da ƙulli, ga ruwa an zuba a shekarar da ake lasar gindin tulu. Ban ce ya ƙirƙira ba. Ya gani. Tambaya ce bai yi ba.

Bayan la'asar aka tara mu a ƙofar mai unguwa. Liman yana nan, dattawa suna nan.

Malam Haladu ya ce, "Ranka ya daɗe, muna fita roƙo muna kuka, ashe akwai mai warware mana a baya. Da idona na ga goshinsa a ƙasa."

Yaya ya ce, "Kunne ne, Malam Haladu. Goshi yana gaba, kunne yana gefe. Taɓa naka ka ji."

Wasu suka yi dariya, kuma dariyar ba ta taimake shi ba.

Malam Haladu ya ce, "To wa kake saurare? Wa kake shayarwa? Da ma wa kake sayar wa fata in ba masu kiran iskoki ba?"

Yaya ya yi bayani, tun daga macen guza har yaɓen gara, kamar yadda na yi muku. Wani dattijo ya ce ya tsufa yana noma a bakin fadamar nan, bai taɓa ganin guza ya fito daga suri ba. Gaskiya ya faɗa.

Liman mutum ne mai son sulhu. Ya ce, "Sale, abin mai sauƙi ne. Ɗauko daginka mu je ka fasa mu gani. In ƙwai ne, magana ta mutu."

"Allah gafarta Malam, in na fasa magana za ta mutu, su ma su mutu. A ba ni kwana bakwai. Za su fito da kansu kowa ya gani."

"Kun ji ko?" in ji Malam Haladu. "Ba zai rushe ɗakin ubangidansa ba."

"Ba a fasa ɗaurarren suri. Ubana bai fasa ba, ni ma ba zan fasa don bakinka ba."

Akwai fartanya a kowane gida a ƙauyen nan. Duk cikin masu cewa tsafi ne, ba wanda ya yarda ya je ya sari surin da hannunsa. Ku tambayi kanku wa ke tsoron iskoki a ranar.

Mai unguwa ya juyo gare ni. "Audu, kai fa? Me ka sani?"

Na ce sana'armu ce, haka muka gada. Kaina yana ƙasa, kuma a hankali na faɗa. Mai unguwa ya ce, "Me ka ce? Ɗaga murya." Na dubi mutanen da zan ci gaba da jan guga tare da su, ban maimaita ba. Aka ce ko ƙanensa ya kasa tsaya masa. Wannan ma na rubuta shi, don na ce abin da na gani zan rubuta.

Ba a kore shi ba. An dai ce ya bar kiran salla har a ga abin da hali ya yi. Washegari wani ya kira asuba. Yaya ya je ya shiga sahu, na kusa da shi ya matsa ya bar tazara. Da aka sallame ya ɗauki garwarsa ya tafi rafi. Daga ranar na fara bin sa da garwa ɗaya, amma ta bayan gari nake bi.

Kwana biyar bayan taron, da hantsi, ciyawar da ke kan yaɓen ta motsa. Wani ɗan baƙin kai ya leƙo yana fid da harshe. Yaya ya ce, "Ruga ka kira su." Na ruga. Mai unguwa ya tafi Gaya kan maganar hatsin agaji. Liman ya ce yana da baƙo, yana tafe in sun gama. Malam Haladu ya ce ba zai kai ƙafarsa wurin shirka ba. Na koma ni kaɗai.

Ɗaya bayan ɗaya suke fitowa, kowanne bai fi taƙi da 'yan yatsu ba, baƙaƙe da ɗigon rawaya, tsari sak. Suna fitowa suna nufar inda ruwa ya saba kwanciya, su tarar da tsagaggiyar ƙasa. Yaya yana tsince su da yatsa biyu yana sawa a garwar da ya shimfiɗa wa jiƙaƙƙiyar ciyawa. Mun kai washegari muna jiran na ƙarshe. Sun haura ashirin. Na ce mu kai su ƙofar mai unguwa a gani. Ya ce, "Za a ce a kogi na kamo su. Wanda bai ga fitowa ba bai ga komai ba. Kuma kafin a gama musu zafi ya kashe su." Ya rufe garwar da buhu ya ɗora a ka, ya nufi kogi bayan Ajingi, inda ruwa ya rage a ƙwarin yashi.

Masuntan da yake musu da su ne suka ba shi masauki. Bayan mako ya dawo ya ɗauki matarsa Hajara da kayansu. Kwana tara da tashinsa ruwa ya sauka. Malam Haladu ya ce, "Kun gani."

Shekara biyar ya yi a can. Nakan je, ba ya tayar da maganar. Tambayarsa ɗaya ce, ko marken yana nan, ko ruwa ya kwanta a fadama. Shi ke kira wa masunta asuba har ya kwanta ciwo. A damina ta uku guza ya dawo fadamarmu, ya biyo rafi daga kogi. Su ne kuke kora da karnuka yanzu. Kwanan baya dillali ya nuna mini wata fata da ɗayanku ya kawo masa, huda bakwai, wutsiya a ƙone, kuma mace ce, a tsakiyar damina. Ban ce na san kowane guza da suna ba. Amma na san garwar da aka ɗauki na ƙarshen fadamar nan a cikinta, na san kan da ya ɗauka, na kuma san abin da aka biya shi da shi.

Ranar da na je gaisuwa, Hajara tana takaba, ta turo mini daginsa da damin kaba ta ƙarƙashin zana. Ta ce, "Ya ce a ba ka. Ya ce ba sai ka yi magana ba, ka ɗaure kawai."

A wannan ban bi Yaya ba. Da damina ta yi tsakiya na ga sabon yaɓe a surin gindin marke, na kafa sanda na ɗaure. Ranar bayan sallar la'asar na miƙe kafin a watse.

"Jama'a, shekarun baya mai unguwa ya ce in ɗaga murya ban ɗaga ba. Yau zan ɗaga. Sale bai yi wa suri sujada ba. Kunnensa ya sa. 'Ya'yan guza ya shayar, ina wurin suka fito. Na ɗaure surin nan yau, kuma zan durƙusa in saurara kamar yadda ya yi. Mai son ya ce ni ma matsafi ne ya faɗa yanzu ina tsaye."

Malam Haladu ya ce, "Haba Audu, wanda ya mutu ya mutu. A bar wa Allah."

"Da yana da rai ba ka bar wa Allah ba, Malam."

Liman ya ɗaga hannu. Ya tsufa yanzu, da sanda yake tafiya. Ya ce, "Ya isa. Ranar da za su fito ka zo ka kira mu. In sha Allahu za mu je mu gani, in mun gani za mu faɗa."

Bana ruwan farko ya sauka da ƙarfi. Da asuba na je gindin marke na tarar yaɓe ya yi laushi, na juyo da sauri. Gari ya watse, kowa ya tafi gona. Liman ya ce ƙafarsa ba za ta iya taɓo ba, a nemi wani ya je a madadinsa. Na tarar da Malam Haladu a gonarsa da sungumi a hannu, ya ce in ya kai ƙarshen layin nan zai zo. Na koma na zauna. Suka fito suka gangara ruwa da kansu, ba wanda ya ɗauke su. Gonata ban shuka ta ba sai washegari.

Ku da kuke cewa abin da kare ke kamowa ne, ban nemi ku koyi sana'ar ba. Mutum biyu nake nema a cikinku, masu ido da baki, waɗanda za su iya barin sungumi safiya ɗaya. In kun zo kun ga babu komai, ku kira ni abin da kuka ga dama.

Makon jiya na sami wani surin da sabon yaɓe, na ɗaure shi da kabar Yaya, ƙulli biyu. Har yau ba wanda ya miƙe a masallacinmu ya ce an yi wa Sale ƙarya.